Loma Uku a Gefen Kwano

Djougou, 5 ga Agusta

Zuwa ga Mubaraka 'yar Sufyan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Saifullahi da mutanen Zongo baki ɗaya. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙugun nan nawa da ya hana ni shiga mota tun faɗuwar da na yi bara. Ba don shi ba, da ni za ki gani a ƙofar gidanki, ba takarda ba. Waya kuwa a hannun surukata take, abin da na faɗa a cikinta yakan riga ni isa kasuwa, shi ya sa na koma wa biro. Kabirou direba zai riƙa kawo miki, ki riƙa ba shi amsa.

Yau kwana arba'in ke nan da aka kai miki yayana Badamasi, don ya yi kusa da asibiti saboda ciwon sukari da gyambon nan na yatsan ƙafarsa. Na yarda a kai shi gidanki ne don kakanki da ubanmu 'yan wa da ƙane ne, tare suka yi fataucin goro, kuma an ce kina aiki a farmasi, kin san kan magani. Ban yarda a kai shi don a hore shi da yunwa ba.

Kabirou ya gan shi shekaranjiya. Ya ce rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa duk ya fito. Ya ce yana tsakar gida kika zuba masa abinci, ya gani da idonsa: ganye da ruwa, ba mai, ba nama, da wani ɗan tuwo da bai cika tafin hannu ba. Mubaraka, akuya aka kai miki ko dattijo?

Shekara ashirin da biyu ni nake dafa masa, tun rasuwar matarsa, don haka ki saurara. Da safe koko yake sha da sukari cokali uku, da ƙosai mai zafi. Da rana wasa-wasa, dambun garin doyar nan, a kwarara mata man kaɗanya, a ɗora soyayyen wagashi, cukun Fulani. Da dare sakwara da miyar gyaɗa, naman kuma ya zama mai kitse, don haƙoransa ba sa son jan nama. Ga sabuwar doya ta shigo, an ce a kasuwar Arzeke har ba wurin taka ƙafa, amma ɗan'uwana yana cikin Parakou yana kiwo.

Na aiko da garin wasa-wasa, da man kaɗanya na gida, da kwalbar zuma. Zuma dai ko ke kin san magani ce. Ki gaishe shi, ki ce masa ina jin abin da ake yi masa.

Goggonki,
Ummuhani

Parakou, 9 ga Agusta

Zuwa ga Goggo Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗin jin kuna lafiya, Allah ya sawwaƙe ƙugun. Mu ma lafiya, Baba Badamasi yana gaishe ki.

Kayan da kika aiko ga su nan na mayar wa Kabirou yadda suka zo, ko ɗaurin ban kwance ba. Ki yi haƙuri, ba raini ba ne, amma ba za su kwana a gidana ba.

Goggo, Kabirou mota ya sani, bai san sukari ba. Ramar da ya gani ta ciwon ce, ba ta yunwa ba. Bari in gaya miki abin da likita ya faɗa, tunda Baba in an tambaye shi alhamdulillahi kawai yake cewa. Likita ya ce in sukarin bai sauka ba kafin ƙarshen Satumba, gyambon ba zai warke ba, za a cire yatsan. In abin ya wuce nan, ƙafar za a cire. Shi ya rubuta rejim ɗin, wato tsarin abincin, ba ni na ƙirƙira don mugunta ba.

Ni nake shiga Arzeke da kaina kafin in tafi aiki, in zaɓo zogale da kuɓewa da kifi. Da safe kunun gero ba sukari da dafaffen ƙwai. Da rana wake da ganye. Da magariba tuwon dawa ɗan daidai, miyar kuka ko kuɓewa, mai cokali ɗaya, gishiri kaɗan saboda tansiyonsa, hawan jinin nan, dunƙulen kanti kuwa ko kusa. Tukunya biyu nake ɗorawa kullum, tasa daban tamu daban, in dawo daga farmasi ƙafafuna na zogi in sake tsayawa a murhu. Ban nemi godiya ba, amma ban zaci za a tambaye ni ko akuya nake kiwo ba.

Tunda kin lissafo mini abin da kike ba shi, ni ma zan faɗi nawa. Sukari cokali uku, da kitse, da sakwara kullum dare, shekara ashirin da biyu. Goggo, ciwon nan ba daga sama ya faɗo masa ba, a kwano aka riƙa miƙa masa shi.

Kuma ki kwantar da hankalinki, yana ci. Ya samu abokan zama, dattawan ƙofar masallaci, can Saifullahi yake kai masa kwanon rana da na magariba don ya sha iska. Kwanon kuma tas yake dawowa, kamar an wanke. Mutumin da ake horo da yunwa ba ya suɗe kwano haka.

'Yarki,
Mubaraka

Djougou, 13 ga Agusta

Mubaraka,

Sallama dai wajibi ce, don haka assalamu alaikum. Muna lafiya, ina fata ku ma haka.

Wato ni na sa wa ɗan'uwana ciwo. Ni da na bar ɗakina na riƙa tsallaka unguwa da kwano a kai, ruwa da rana, lokacin ke ko ɗaura zane ba ki iya ba. Ubanmu wannan abincin ya ci har ya shekara tamanin da bakwai yana tafiya masallaci da ƙafarsa. Yau 'yar Sufyan ta yi bokon lakwal, ta sa farar riga, ta gano cewa guba muke ci a Djougou. Da ubanki yana da rai da shi zan kai wa ƙara, don shi kansa in ya zo garin nan sai ya nemi ƙarin sakwarata.

Mayar mini da kaya da kika yi a gaban direba, na bar ki da Allah. Amma akwai maganar da ba zan bari ta wuce ba. Kin ce kwanon Yaya tas yake dawowa. Wannan ƙarya ce, kuma kin yi ta ga wadda bai kamata ba.

Ubanmu madugu ne. In ayari ya sauka a zango ba ya taɓa cinye kwanonsa, don kullum akwai wanda jakinsa ya gaji ya makara a baya. Sai ya bar loma uku a gefen dama, ya shafe samansu da babban yatsa, ya rufe. Yaya a wurinsa ya ɗauka tun yana yaro. Shekara ashirin da biyu ina wanke kwanonsa, ban taɓa samunsa ba loma ukun nan ba, ko a azumi, ko a shekarar da hatsi ya yi wuya. In abinci ya yi masa daɗi yana bari, in bai yi ba ma yana bari.

Saboda haka ɗayan biyu ne. Ko dai kin rubuta abin da ba ki gani ba don ki rufe mini baki, ko kuwa ya ƙi ci kina juye wa kaji ki wanke kwanon. Ki zaɓi wanda ya fi miki sauƙin faɗa, ki rubuto mini.

Ummuhani

Parakou, 2 ga Satumba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Mu muna lafiya, Baba ne dai ba lafiya ba.

Na yi shiru sati uku don kada in rubuta abin da zan yi nadama. Tunda nake ba wanda ya taɓa kirana maƙaryaciya a takarda. Ba ni da kaji, kuma kwanon har yau tas yake dawowa, in kin so ki yarda.

Jiya muka je randebu, ranar ganin likita. Sukarin bai sauka ba, hawa ma ya yi. Bakin gyambon ya fara baƙi, in an kwance akwai wari. Likita ya dube ni a gaban mutane ya ce, ke da kike aikin magani ma ba ki iya kula da rejim ba? Na rantse masa, bai yarda ba. Ya ce jini ba ya ɓoye abin da ciki ya ci, mutumin nan yana cin wani abu a wani wuri.

Na hau zem na dawo gida ina kuka a hanya, mai babur har yana tambaya ko rasuwa aka yi. Na yi tunani iya tunani, wuri ɗaya na gani. Kabirou sau biyu a sati yake shigowa Parakou, kuma duk zuwa sai ya shiga ɗakin Baba ya gaishe shi, da jaka a kafaɗa. Kin ce zuma magani ce. Na mayar miki da ita ta ƙofa, ina jin ta taga ta dawo.

Ba zan ɓoye miki ba, Baba yana masallaci na shiga ɗakinsa na duba. Na ɗaga katifa, na buɗe jakarsa, na zazzage aljihunan rigunansa. Goro kawai na samu da carbi da hoton matarsa. Wannan bai wanke ki ba a wurina, don abin da aka ci ba a samunsa a ƙarƙashin katifa. Na gaya wa Kabirou daga yau a bakin ƙofa zai tsaya, ya miƙa takarda ya juya.

Goggo, in kina aiko masa da wani abu, don girman Allah ki bari. Ni kike so ki kayar, amma ƙafarsa ce za ta tafi.

Mubaraka

Djougou, 5 ga Satumba

Mubaraka,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, tunda kin tambaya da rabin baki.

Kin zazzage aljihun dattijon da ya girmi ubanki. Kin taɓa hoton marigayiya. Na karanta wurin nan na yi salati da ƙarfi, har surukata ta leƙo tana tambaya ko jikin ne. A gidanmu ko matar mutum ba ta sa hannu a aljihunsa.

Ban aiko masa da ko ƙwayar gyaɗa ba tun ranar da kika mayar mini da kayana. Zumar tana nan bisa kanta, ko marfin ba a buɗe ba, ki aiko wanda kika yarda da shi ya gani. Kabirou kuma magidanci ne mai 'ya'ya shida, kin tsayar da shi a ƙofa kamar wanda ya zo sata.

Kin ce yatsan ya fara baƙi. Tun da na karanta ban iya cin komai ba. Ke da ganyenki da likitanki wata biyu kuna abu ɗaya, ga inda kuka kai shi. In ƙarshen wata ya yi ba sauƙi, zan sa a ɗauko mini ɗan'uwana. In ƙafar za ta tafi, gara ta tafi yana ƙoshe a cikin danginsa.

Ummuhani

Parakou, 12 ga Satumba

Goggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Shekaranjiya da la'asar wata tsohuwa ta yi sallama, Lami sunanta, matar Malam Habou tela da ke bayan masallaci. Ta zo da wagashi biyu a faranti, ta durƙusa tana ta sa mini albarka, ni kuwa ban san abin da na yi mata ba. Sai ta ce:

"'Yar nan, wata biyu ke nan Malam yake cin kwanonki. Kumburin ƙafarsa ya saɓe, tansiyonsa ya sauka, har likita yana tambayarsa me ya canza. Na zo ki koya mini yadda kike yin miyar nan."

Na ce wane kwano? Ta dube ni kamar na tambaye ta ina alƙibla. Ashe dattawan ƙofar masallaci su takwas ne, kuma ciyayya suke yi. Kowane gida ya kawo kwanonsa, a jera a tsakiyar tabarma, a buɗe duka, kowa ya sa hannu inda ya ga dama. Baba kuwa baƙo ne, ɗan madugun Djougou, don haka kowane gida shi yake karramawa. Sakwarar sabuwar doya gabansa ake turawa, tsoka mai kitse shi ake zaɓar wa, wani gidan har da fura mai sukari a ƙwarya don shi kaɗai. Nawa kwanon ba mai kallonsa sai Malam Habou, shi ma don cikinsa ba ya son mai. Shi yake suɗe shi tas.

Wata biyu ina tashi da asuba, ina ɗora tukunya biyu, ina shan zagi daga Djougou da faɗa daga likita, ashe mijin Lami nake yi wa jinya. Baba kuwa abincin gida bakwai yake ci.

Ni a unguwar Kpébié na tashi, mahaifina Sufyan ma'aikaci ne, kowa da farantinsa a tebur. Shekarata uku kacal a Zongo, kuma mace ba ta zuwa tabarmar maza ta ga abin da ake yi. Amma Saifullahi a nan aka haife shi, shi yake kai kwanon da hannunsa. Da na tsare shi sai ya ce ai haka ake yi, kuma shi ba zai tsaya a kan sa'o'in ubansa ya ce wane kada ka ci wannan ba. Har yau ban yi masa magana ba.

Na nemi gafararki a kan zuma da Kabirou. Maganar loma uku ma gaskiyarki ce, ba hannunsa ba ne. Amma da kin tambaye ni a hankali maimakon ki kira ni maƙaryaciya, da tun watan jiya aka gano.

Yanzu na hana kwanon fita. A ɗakinsa nake kai masa, in tsaya a kansa. Ya dubi abincin ya dube ni ya ce, "Tunda aka yaye ni ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Me na yi muku?" Ya juya fuskarsa bango. Yau kwana biyu ke nan ruwa kawai yake sha da ɗan kunu, maganinsa kuma ba a shansa da cikin wofi. In na bar shi ya fita, ƙafa ta tafi. In na tsare shi, ban san abin da zai tafi ba. Kin ce ke kika san shi, to ga shi nan.

Mubaraka

Djougou, 13 ga Satumba

Mubaraka,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na tsayar da Kabirou bai sauke fasinja ba sai da na gama wannan, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Ki mayar da shi tabarma yau, ba gobe ba. Ke wace irin yarinya ce? Kin raba dattijo da abokan cinsa kin tsaya a kansa kamar mai gadin fursuna, kina mamaki ya ƙi ci. A wurinsu wanda aka kai wa abinci ɗaki shi kaɗai, ko dai an fid da rai da shi ne ko ya yi abin kunya. Yaya zai iya mutuwa a kan wannan bai ce miki uffan ba.

Na ɗauko takardarki ta farko na sake karantawa. Ga shi nan kin rubuta da hannunki, dattawan ƙofar masallaci, can ake kai masa kwano. Da na ga layin nan a ranar, ko minti ɗaya ba zan yi ba zan gane, don a nan ma haka yake yi da mutanensa. Amma idona ya tsaya a layin da ke samansa, inda kika ce a kwano aka miƙa masa ciwo, ban ƙara ganin komai ba. Wata guda muka ɓata, ke da bakinki ni da zuciyata.

Yanzu ki ji. Kada ki je wurin maza, ba za su saurare ki ba, kuma ba su ke riƙe da ludayi ba. Matan gidajen nan bakwai za ki bi. Ki fara da wadda ta fi tsufa, ki sa Lami a gaba. Kada ki ɗauki takardar likita, kada ki sa farar rigar nan, kada in ji kalmar rejim ta fita bakinki. Ki riƙe goro, ki durƙusa, ki ce baƙonsu ne, ƙafarsa tana hannunsu. Kada ki ce su canza abincin gidansu, kwanon tabarma kawai kike roƙo. Kuma ki riƙa aika kwano biyu, don Malam Habou ya riga ya saba, in ba haka ba zai bar Yaya da kallo.

Sai maganar girkinki. Abincin da mutum bakwai suka kauce masa wata biyu, sai mai ciwon ciki kaɗai ya iya ci, ba rashin gishiri ne kawai ke damunsa ba. Ba ki iya miya ba, Mubaraka. In an rage gishiri da mai, wani abu ake sawa a gurbinsu. Ki gasa albasa a garwashi kafin ki daka. Ki daka busasshen kifi har da kansa ya zama gari. Citta, masoro, tafarnuwa, sai daddawa a farkon tafasa, ba a ƙarshe ba. Na aiko da daddawar da na yi da hannuna, da acca tiya biyu da aka kawo mini daga wajen Natitingou. Ki nuna wa likitan naki tukuna, in ya hana ki ba Lami. Zuma ban sa ba.

Saura tambaya ɗaya, kuma ina son amsar gaskiya, ba ta lallashi ba. Kwana talatin da biyar ke nan maganarki tana cina. Ki tambayi likita, ki gaya masa duk abin da na lissafa miki. Shin hannuna ne ya kai Yaya ga wannan?

Goggonki,
Ummuhani

Djougou, 1 ga Oktoba

Mubaraka,

Assalamu alaikum. Ban san ko kuna lafiya ba, don ba wanda ya ga dama ya gaya mini.

Kwana goma sha takwas. Sau huɗu Kabirou yana zuwa ƙofarki ya tarar da kwaɗo, maƙwabta su ce kuna asibiti. Na sa surukata ta kira Saifullahi, ya ce da sauƙi, da sauƙi, ya kashe. Na san irin wannan da sauƙin, ni ma na sha faɗa wa mutane shi. Satumba ta ƙare jiya, ina ƙirge.

In fushi kike da ni don na ce ba ki iya miya ba, ki yi fushinki, amma ki rubuto layi ɗaya. Da ƙafa nawa ɗan'uwana yake? In ban ji daga gare ki ba ran Juma'a, zan sa a kwantar da ni a bayan motar Kabirou kamar buhun doya a kawo ni.

Ummuhani

Parakou, 8 ga Oktoba

Zuwa ga Goggo Ummuhani,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya ƙugun? Kada ki shiga mota. Mun dawo gida, Baba yana da ƙafafunsa biyu.

Yatsan dai ya tafi. Na mayar da shi tabarma a ranar da takardarki ta zo, amma mun riga mun makara. Bayan kwana huɗu zazzaɓi ya rufe shi, aka kwantar da shi, aka cire babban yatsan da ɗan abin da ke bayansa. Kwana goma sha shida muka yi. Ban rubuto ba don ban san me zan rubuta ba, kullum likita sai ya ce a jira a gani ko abin zai tsaya nan. Yanzu ya ce wurin yana haɗewa, sukarin ya fara sauka, amma ba a gama tsira ba. Malam Habou kullum sai ya hau zem ya zo asibiti da rana, don kawai ya sa cokali a romon Baba su sha tare.

Na bi gidajen yadda kika ce, da goro da durƙuso, gwiwoyina har yanzu suna tuna mini. Biyar sun yarda. Ɗaya ta ce za ta duba, ba ta duba ba. Hajiya Mubina kuwa ta ce ita shekara arba'in tana fid da kwano ba a taɓa aiko mata 'yar cikinta ta koya mata girki ba, ta kuma ƙara mai a miyarta don in ji haushi, na kuwa ji. Amma Malam Habou ya koma zama a gefen Baba, in kwanon Hajiya ya matso sai ya janye shi can da hira. Mazan suna ta gunaguni wai tabarma ta zama asibiti, duk da haka ba wanda ya tashi.

Na yi wa likita tambayarki, na karanta masa lissafin duka. Ya ce abin yana da tushe da yawa, akwai gado, akwai shekaru, akwai zama wuri ɗaya bayan ya bar fatauci, abinci kuma yana ciki. Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan ce babu hannunki ba. Amma abin da kika sani kika ba shi, kuma da ƙauna kika ba shi. Yadda na faɗa miki a takardar nan ta farko, don in ƙona miki rai na faɗa, ki yafe mini. A yatsan nan kuma akwai nawa hannun, ni da na yi wata biyu ina alfahari da wankakken kwano ban taɓa tambayar wa ya wanke shi ba.

Maganar ban iya miya ba, ban yafe ba tukuna. Amma na gasa albasar, na daka kifin, na sa daddawar a farkon tafasa. Likita ya yarda da accar in ba a cika ba.

Shekaranjiya Baba ya koma tabarma, Saifullahi yana riƙe da shi. Na aika kwano biyu, tuwon acca da miyar kuɓewa. Bayan magariba aka dawo da su. Na Malam Habou tas, kamar kullum. Na buɗe ɗayan a bakin murhu, sai ga loma uku a gefen dama, an shafe samansu sumul, har shatin babban yatsansa ya fito.

Na daɗe ina kallonsu. Na leƙa ɗakinsa na ce, Baba, wannan na wa ne? Bai ko ɗago ba ya ce, "Na wanda ya makara." Na koma madafa na zauna a ƙasa na cinye su, ina ci ina share hawaye.

Daddawar ta kusa ƙarewa, ki aiko da wata. Kabirou ya shigo har tsakar gida ya karɓi wannan, na kuma ba shi haƙuri. Zuma dai ta ci gaba da zama bisa kantarki.

'Yarki,
Mubaraka